A Ƙera Mana Ƙarfen Yanka Kati a Panteka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, kodayake abin da na zo da shi ba irin wanda aka saba gani a nan ba ne, inda kullum maganar taki ce da wutar lantarki da 'yan siyasa. Ni maganar katin gaisuwa ce ta kawo ni, wanda ake yi da hannu, a yanka masa furanni da taurari a barbaɗa masa ƙyalli. Wani zai ce wasan yara ne. To, ya yi haƙuri ya karanta zuwa ƙarshe, don akwai abin da nake nema a wurin maƙeran Panteka, kasuwar ƙere-ƙere ta nan Kaduna, da masu ɗab'i, kuma na san suna karanta wannan jarida.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ranar Asabar da hantsi 'yan matan layinmu kan taru a barandata muna yin kati. Abin da ya sa na fara shi ne gajiya da ganin abu ɗaya: duk taron da aka kira da sunan koya wa mata sana'a, sabulun ruwa ne da man shafawa da turaren tsuguno. Ba raina su nake yi ba, mutane da yawa na ci da su. Amma idan gida goma a layi ɗaya duk sabulun ruwa suke yi, wa zai saya wa wa? Ga yara masu hannu, waɗanda za su zauna da reza su yanka salatif su fitar da zanen lalle mai rassa kamar da inji aka yi, amma babu wanda ya taɓa nuna musu cewa wannan hannun yana da kasuwa a kan takarda.

Na san tambayar da za a yi: wa ke sayen kati a zamanin WhatsApp? Gaskiya ne, katin Barka da Sallah da muke saya a kantin littattafai mu manna kan sarki mu kai gidan waya ya tafi, kuma ba na jin zai dawo. Amma son a gaida mutum da abin da aka wahala a kansa bai tafi ba. Mu ne fa mutanen da suka riƙa sayen katin zaɓe suna cikewa da sunayen 'yan uwa da abokai don a karanta a Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna. Yau katin ya koma rakiyar kyauta. Mai kai turmin atamfa gidan suna tana son abin da za ta ɗora a kai. Yaron da ya sauke Alƙur'ani, yarinyar da ta gama sakandare, malamin da ɗalibai ke sallama, mara lafiyar da aka je dubawa, amaryar da ƙawayenta suka haɗa wa gudummawa, duk waɗannan mun yi musu kati an biya mu. A watan Disamba kuma maƙwabtanmu Kirista daga Barnawa da Sabon Tasha kan aiko a yi musu na Barka da Kirsimeti, da Hausa suke so a rubuta, don wanda ake sayarwa a kanti duk Turanci ne. Saƙon waya ana turawa mutum ɗari a lokaci guda, kowa ya san haka, shi ya sa ba ya nauyi. Kati kuwa sunan mutum ɗaya ne a jikinsa.

Turawa sukan lissafa farkon katin gaisuwa na sayarwa daga 1843, lokacin da Henry Cole ya sa aka buga masa katin Kirsimeti guda 1,000 a Landan. Mu kuwa ƙawata abin rubutu don taya murna ba baƙonmu ba ne, duk wanda ya ga allon zayyana ranar sauka ya san haka.

Bari in faɗi yadda muke yi, ko wata a Rigasa ko Kawo za ta gwada.

Farko dai takarda. Farar takardar da ake hoto da ita a shagon kwamfuta giram 80 ce, ba ta tsayuwa, kuma da ta sha gam sai ta yamutse. Gindin kati yana son kwali mai giram 250 zuwa 300. Abin da za a yanka a manna a sama kuwa, mai giram 160 zuwa 220 ya isa, ya fi ma fita da kyau. Kwali ɗaya mai girman A4 ana raba shi biyu, kowane rabi a ninke shi, sai a sami kati biyu masu faɗin santimita 10.5 da tsawon 14.8, daidai ƙaramar ambulan. Kada a ninke kwali haka kawai da hannu, bayansa zai tsage ya yi fari-fari. A ɗora rula a tsakiya, a ja layi da bakin biron da tawadarsa ta ƙare, a danna sosai, sannan a ninke a bi ta kai da bayan cokali. Wannan kaɗai yana raba katin da za a saya da wanda za a ce “sannu da ƙoƙari”.

Sai yanka. Almakashi na yi, reza na yi, amma idan aka ce a fitar da fure talatin iri ɗaya kafin Juma'a, hannu zai gaji, na ƙarshe ba zai yi kama da na farko ba. A nan ƙarfen yanka yake shigowa, wanda masu ɗab'i ke kira dai. Wani siririn ƙarfe ne mai siffar abin da ake so, tauraro ko ganye ko harafi, gefensa ɗaya na da ɗan tudu. Ba shi da kaifin da zai yanki yatsa, matsi ne ke sa shi ya huda takarda. Ana ɗora takarda a kan faifan roba mai tauri, a kifa ƙarfen a kanta, a rufe da wani faifan, a tura su cikin inji a juya hannu. Injin kamar na murza taliya yake, ƙarafa biyu ne masu juyawa suke matse abin da ya bi ta tsakaninsu. Ba ya son wuta, ba ya son mai, wanda a garin nan ba ƙaramar falala ba ce. Idan abin na wucewa za a ji ƙas-ƙas kamar wani abu ya karye. Yaran da suka zo sabo sukan saki hannu su ja baya, amma ba komai ba ne, ƙarfen ne ke cizon faifan. Idan zanen mai ƙananan huji ne bai fita duka ba, a ƙara takarda ɗaya a ƙasa a sake bi, sannan a tsokane ragowar da allura. Nawa injin wata ɗiyata ce ta kawo mini daga tafiya, kuma shi kaɗai ne muke layi a kansa.

Ƙyalli shi ne abin da yara suka fi so, shi ne kuma ya fi ba da wahala. Dokar farko a barandata: a kashe fanka. Ta biyu: a ninke wata takarda biyu a buɗe ta a shimfiɗa a ƙasan aikin, don abin da ya zube a tattara shi ta wannan kwarin a mayar kwalba. Farin gam irin na kafintoci muke amfani da shi, don idan ya bushe ba ya barin launi. A ɗebo shi da tsinken sakace, a shafa siriri a inda ake so kaɗai, a barbaɗa, a juya katin a ɗan ƙwanƙwasa bayansa da yatsa, a ajiye. Kada a taɓa, kada a hura. Mai yawan gam katinta zai kumbura, mai gaggawa kuma za ta bar tambarin yatsa. Da hunturu minti kaɗan ya bushe, har sai an yi sauri kafin gam ɗin ya yi fata. Da damina kuwa sai a bar shi ya kwana, a danne shi da littafi bayan ya bushe don kada ya lanƙwashe.

Akwai hanyar da ta fi wannan tsabta. A manna salatif mai gam fuska biyu a kan kwalin tun kafin a yanka, a bi da shi ta inji, sannan a ɓare fatar saman, a zuba ƙyalli a murza da yatsa sosai. Haka yake kwanciya lif, ba ya kakkaɓewa a hannun wanda aka ba.

Ni dai ra'ayina, wuri ɗaya ake sa ƙyalli a kati. In jinjirin wata ne ya sha, a bar taurari haka nan. In bakin fure ne, a bar ganye. Yaran sukan ce, “Mama, ai bai yi kyau ba sai ya ji ko'ina.” Sai in ce su ɗaga nasu da nawa daga bakin ƙofa su gani wanne ido ya fara kamawa. Launi ma haka: kati mai fara'a ba sai ya haɗa launi bakwai ba. Ruwan ɗorawa da fari da ɗan kore, ko ruwan hoda da ruwan toka, sun isa. Kuma abin da aka yanka, idan aka sa masa ɗan guntun soso mai gam a ƙasa ya ɗago daga jikin katin, inuwar da yake yi ta fi kowane ado.

Wanda ya fi tafiya a wurinmu shi ne mai kacau-kacau. Ana yanke taga a fuskar katin, zagaye ko siffar tauraro, a manna leda mai kauri garau a bayanta, irin wadda ake rufe fuskar takardun da aka ɗinke a shagon kwamfuta. A kewaye tagar da soso mai gam ba tare da an bar ƙofa ko ta allura ba, a zuba ƙyalli mai manyan ƙwayoyi da 'yan duwatsun ado na teloli a tsakiya, a rufe da wani kwalin. In aka girgiza sai su yi ta yawo a ciki. Sirrinsa ɗaya ne: a shafa wa ledar hoda kaɗan a goge kafin a rufe, in ba haka ba, musamman da hunturu da iska ta bushe, duk ƙyallin zai manne a jikinta ya ƙi motsi.

Dole in faɗi aibinsa. Yawancin ƙyallin da ke kasuwa roba ce aka shafa mata alminiyam da launi aka daddatsa ƙanana. Wani Ba'amurke mai aikin injuna, Henry Ruschmann, shi ake danganta wa hanyar yanka shi a New Jersey a shekarun 1930. Ba ya ruɓewa. Wanda aka wanke daga hannu ya bi kwata, kwata ta kai shi rafi, rafi ya kai shi Kogin Kaduna, can zai zauna. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan na barbaɗawa tun Oktoban 2023, cikin dokarta kan ɓarɓashin roba da bai kai milimita 5 ba, ta bar wanda ke narkewa ko ruɓewa, irin wanda ake yi da itace. Mu nan babu wanda ya hana, amma ina sa yara su goge hannu da jiƙaƙƙen tsumma kafin su je famfo, kuma ba a yin aikin kusa da abinci ko inda jariri ke rarrafe. In ya faɗa ido kada a murza, yana iya ƙarzar idon. A zuba ruwa mai tsabta da yawa, in bai fita ba a tafi asibiti. Mun kuma gano cewa takardar alawa mai walƙiya da cikin ledar madara, in aka wanke aka huda su da abin huda takarda na ofis, suna cika katin kacau-kacau tsaf, ba a sayi komai ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Duk ƙarfen yankan da ke hannuna daga waje ya zo, kuma an yi shi ne don bukukuwan masu shi. Akwai mutum-mutumin ƙanƙara, akwai barewa mai jan keke, akwai kabewa mai haƙora, akwai zomo da ƙwai. Me zan yi da mutum-mutumin ƙanƙara a Unguwar Rimi? A cikin kwali guda da ƙyar nake tsintar fure da tauraro da zuciya. Jinjirin wata da hasumiya akan samu wajen masu sayarwa ta intanet, amma da tsada, kuma fitilun da ke tare da su irin na Masar ne. Babu dagin Arewa. Babu aska takwas ta babbar riga, babu zanen bakin ƙwarya, babu zankon soro, babu ƙofar gari, babu doki da ado irin na hawan Sallah, babu ko rago. Haruffan ma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Duk lokacin da za mu rubuta “Allah ya ƙara lafiya” ko “Barka da ɗaurin aure”, sai mun yanko wani guntu da almakashi mun liƙa wa harafin lanƙwasa, kuma kullum sai ya nuna.

Abin da ke ba ni haushi shi ne wannan ba fasahar da ta fi ƙarfinmu ba ce. Asalinta ma daga masu takalma ne: a ƙarni na 19 aka fara ƙera ƙarfe mai siffar tafin takalmi don a daina yanka fata ɗaya-ɗaya da wuƙa. Dukawanmu har gobe suna da ƙarafan huda fata da suke bugawa da guduma. Ƙaramin injin da ya shigo makarantu kuwa, wata malama ce a Kalifoniya, LaDorna Eichenberg, ita da mijinta suka fito da shi a 1977, saboda wahalar yanka haruffan manna wa bangon aji da almakashi. Kamfaninsu, Ellison, shi ya fitar da injin Sizzix a 2001 don masu aiki a gida. Wato malamar makaranta ce ta gaji, ta sami mai ƙira a kusa da ita. To ni ma na gaji, kuma Panteka na nan.

In yi adalci: siraran ƙarafan nan na waje da sinadari ake cinye jikinsu a masana'anta har zanen ya fito, ban ce a yi wannan a rumfa ba. Amma akwai nau'i na biyu, wanda ya girme su, wanda masu ɗab'i ke yanka kwalin magani da katin biki da shi. Katako ne ake tsaga masa hanya daidai zanen, a lanƙwasa siririyar wuƙar ƙarfe a dasa a ciki, a kewaye ta da soso mai tauri don ya turo takardar waje bayan an matsa. Wannan ya ma fi ƙarfi, yana yanka kwali mai kauri da fata da yadi, yana yanka takarda da yawa a bugu ɗaya. Masu ɗab'i da dama sukan aika Legas, wajen Shomolu, a yi musu. Me zai hana a yi a Panteka ta Tudun Wada, inda ake ƙera injin niƙa da injin ɓare gyaɗa da murhu da tukwane, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha a maƙwabtaka da masu iya zana abu a kwamfuta?

Na kai zanen dagi wurin wani dattijo mai ƙira a can. Ya juya takardar, ya auna da ɗan yatsa, ya ce, “Hajiya, kusurwoyin nan ne aikin, amma ba gagara za su yi ba. Guda nawa kike so?” Na ce ɗaya. Ya yi dariya ya ce, “Ɗaya ai sai ki biya kuɗin ashirin. Ki samo 'yan uwanki.” Gaskiya ya faɗa, ban ji haushi ba. Wahalar tana wajen fitar da na farko, sauran bi ne. Shi ya sa na kawo maganar jarida. Na tabbata ba ni kaɗai ba ce: akwai malaman nazare da ke kwana yanka haruffa, akwai masu kek da ke son abin sokawa a sama, masu kunshin kayan biki, masu jakar fata, masu turaren wuta da ke neman ɗan katin ratayawa a wuyan kwalba. In muka haɗu muka ce ga siffa goma da muke so, kowace guda hamsin, maƙeri zai saurare mu. Injin matsawar ma, ƙarfe biyu ne masu juyawa da hannu da giya. Wanda ya ƙera injin matse rake ba zai kasa shi ba.

Masu ɗab'i kuma ina da roƙo biyu. Ragowar kwalin da wuƙarku ke zubarwa, wanda yara ke sharewa a ƙona, shi ne jarinmu. Ku riƙa ɗaure shi a buhu ku sayar mana da sauƙi, ko ku ba makarantar da ke kusa da ku. Na biyu, masu buga katin biki su taimaka su daina sa Bisimilla da ayoyi a tsakiyar ado. Tsofaffin katunan biki suna da kwali mai kyau da ruwan zinari, muna karɓarsu daga gidaje mu sake yanka su, amma sai mun zauna mun ware duk inda sunan Allah yake mun adana shi daban, kuma ba kowa ne zai yi wannan ba. Ranar da aka gama biki a ƙasa ake tsintar yawancinsu.

Shugabannin makarantu ma su ji. A da ranar aikin hannu yaro kan zo da tsintsiya ko mafici ko igiyar da ya tufka da kansa. Yanzu a wurare da yawa kuɗi ake karɓa a madadinsa a rubuta maki, alhali darasin fasaha da al'adu na nan a manhaja. 'Yan manyan kwalaye da kwalbar gam ɗaya sun ishi aji guda su yi katin da za su kai wa iyayensu, kuma a ciki yaro zai koyi awo da rula, da rabi da kwata, da rubutu mai kyau, ba tare da ya san lissafi ake koya masa ba. In wasu iyayen ba sa son siffar mai rai, ba a rasa abin yi ba, dagi da fure da wata sun wadatar.

Ba a fafe gora ranar tafiya, katin Sallah tun kafin azumi ya kamata a fara tara shi. Siffofin da muka fi buƙata da farko su ne dagin Arewa, jinjirin wata da tauraro, hasumiya, zanko, da cikakkun haruffan Hausa manya da ƙanana har da masu lanƙwasa. Kada kowace siffa ta wuce santimita 8, haruffa kuma santimita 2, don su zauna a fuskar ƙaramin kati su bar wurin rubuta suna. Duk maƙeri ko mai ɗab'in da ya ga zai iya, da duk wadda ke son shiga cikin masu saye, su amsa ta wannan shafi, Malam Edita, in ka yarda ka buga. Zanen yana hannuna a kan takarda mai layin awo, zan kawo shi da kaina.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Malamar firamare mai ritaya,
Unguwar Rimi, Kaduna.